Tambayi Bakanike: 911 Ɗin Babanmu Ta Shekara Takwas A Ajiye

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan tsofaffin manyan motoci suka zo, to sai na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan ƙananan motoci ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Marsandi 911 mai bodin katako, da ita ya ciyar da mu ya yi mana karatu, yana ɗaukar hatsi daga Dawanau ya kai kudu ya dawo da manja. Yanzu shekararta takwas a bayan gida ba a taɓa ta ba, tayoyin ma sun sace sun nutse a ƙasa. Wani abokina ya ce batir kawai zan samo mu zuba gas mu tashe ta, wai irin waɗannan motocin ba sa mutuwa. Ni kuma so nake ta dawo kamar yadda na san ta ina yaro. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Bichi.

AMSA: Allah Ya jiƙan mahaifinku Ya sa ya huta. Ɗana dan Allah kar ka kusanci motar nan da batir tukuna. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, motar na da ƙarfin rai, amma injin da ya shekara takwas bai juya ba in ka murza masa ki haka kawai to cikin minti ɗaya zaka iya ɓata abin da shekara takwas ɗin ba su ɓata ba, kuma na ga an yi hakan a gabana ba sau ɗaya ba, mutum yana murna mota ta tashi sai ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa shikenan metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya tafi.

Bari ka fara sanin abin da ke hannunka. Wannan zubin mai gajeren hanci Mercedes sun fara fito da shi ne a 1959, kuma ba su daina yin sa domin kasuwannin waje ba sai a 1995, kaga ba ƙaramin zamani ya yi ba. A nan gida ma kamfanin ANAMMCO da ke Emene a Inugu ya harhaɗa su tun farkon shekarun 1980. Lambar nan 911 ba ado ba ce, 9 ɗin nauyin mota ne da kayanta wajen tan 9, 11 ɗin kuma ƙarfin inji ne wajen doki 110, haka 1113 tan 11 da doki 130. Akasarinsu injin OM352 ne a ciki, silinda shida a jere, lita 5.7, ba kwamfuta ba komai, bakaniken ƙauye ma zai iya buɗe shi ya mayar. Ka nemo ɗan farantin da ke ɗauke da lambar shasi da kuma lambar da ke jikin bulok, ka kankare datti ka rubuta su a takarda ka ɗauki hoto, da su zaka riƙa sayen kaya.

Toh amma kafin inji, shasi. Ni duk motar da aka kawo min irin wannan ƙarƙashinta nake fara shiga kafin in ɗaga bonet, domin inji ana samun wani, giya ana samun wata, shasi kuwa shi ne motar. A tone tayoyin a ɗaga ta a kan katakai masu kauri, kar ka yarda ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai, a wanke ƙasan sosai, sannan ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba har baya kana bugawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, wanda tsatsa ta cinye kuma sai ka ji shi dum kuma ɓawo na zubowa. Ka fi tsayawa a inda sifirin ke kamawa, da bayan kan mota inda nauyi ke lanƙwasa ta, da inda katakon bodi ya kwanta a kan ƙarfe saboda nan ne damshi ke kwana. In shasi ya wuce jarabawa sai a ci gaba.

Wajen inji, fara kwance notin bakin mai a hankali ka ga me zai fara fitowa. In ruwa ne ya riga mai fitowa to akwai magana, ko ta salansa ya shiga ko gaskit ya ci, wannan sai an buɗe tof silinda. In mai ne zalla alhamdulillahi. A cire nozul duka shida a zuba ɗan bakin mai mara kauri a kowane rami a bar shi kwana uku ko huɗu, a buɗe murfin bawul a duba ko akwai wanda ya maƙale, sannan a sa babban sifana a juya injin da hannu, a hankali, ya yi zagaye biyu cikakku. In ya cije kar a sa ƙarfi kuma kar a ce bari mu ja ta da wata mota mu saki kuloci, haka ake lanƙwasa kwanrod ana karya ringi. A ƙara mai a ƙara haƙuri.

Tanki a sauke shi gaba ɗaya a wanke, gas ɗin da ya kwana shekara takwas ya zama dagwalo kuma akwai ruwa a ƙasansa. Filtar gas da ta mai duk sababbi. Iyakilina, wato matatar iskar inji, a buɗe, in irin mai kwanon mai ce a wanke a zuba sabo daidai layi, kuma a leƙa bututun iska domin ɓera da zanzaro suna son wajen nan, na taɓa ciro gidan ɓera guda da tsummokara daga ciki.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A cikin famfon injekta akwai wani ɗan sandan ƙarfe mai haƙora da ke ƙara gas yana rage shi. In mota ta daɗe a ajiye yakan cije, kuma in ya cije a buɗe kuka tashi injin to zai yi ta hawa yana ihu ba totur ɗin da zai saurara, ko ka cire ki ba zai mutu ba tunda ba wuta yake amfani da ita ba, har sai ya tarwatse. Shawarata a cire famfon da nozul ɗin a kai wa masu gwada su a kan na'ura, akwai su a Kano. Duk da haka ranar da za a fara tashin ta mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu kusa da bakin iska, in ta nemi gudu ya toshe. Katako na ce, ba tafin hannu ba ba tsumma ba, zai zuƙe. Kafin a mayar da nozul a fara juya injin da kik har alamar mai ta nuna ya hau, sannan a mayar, a fitar da iska da ɗan famfon hannu. Ka duba kuma wutar motar 12 ce ko 24 kafin ka haɗa batir, duka biyun akwai.

Ko ta tashi tana kiɗa lafiya, kar ta taka ko taku ɗaya sai an gama birki. Birkinta na mai ne da iska ke taimaka masa, kenan hanya biyu za a bi. A zubar da tsohon man birki duka, robobin birki da ke wajen tayoyi da na babban famfon birki a canza su ko da ido ya ga kamar lafiyarsu ƙalau, tiyo na roba a canza, tankin iska a buɗe ƙasansa ruwa ya fita a duba tsatsa. Ƙurar da ke cikin gangar birki kar a hura ta da iska ko da baki, tsofaffin layinin nan da asbestos aka yi da yawansu kuma yana lalata huhu, a jiƙa a goge. Sai taya. Rim ɗinta mai zobe ne, in zoben ya yi tsatsa ko bai zauna daidai ba yana tashi lokacin ba da iska kuma yana kisa, wallahi ba wasa ba ne. A kai wa mai facin da ya saba da manyan motoci, a ɗaure da sarƙa ko a sa a keji, kowa ya kauce daga gabanta.

Fenti shi ne na ƙarshe. Na san shi ne zuciyarka ta fi so ka gani, ka daure.

TAMBAYA: Malam ina da Bedford tsohuwa mai injin fetur, tana shan mai kamar me. Ana ba ni shawara in cire in sa injin gas. Ya kake gani? Daga Gusau.

AMSA: Alhaji ya danganta da abin da kake so da ita. In ado ce da tarihi, ka bar mata injinta, Bedford mai injinta na asali yanzu ba ko'ina ake ganin ta ba. Zubin Bedford da ake kira TJ a 1958 ya fito daga Ingila, an kuma harhaɗa shi a Apapa, akwai mai fetur lita 4.9 akwai mai gas lita 5.4, kuma ko bayan da General Motors suka sayar da masana'antar Bedford da ke garin Dunstable a 1987 kamfanin AWD ya ci gaba da yin sa na wasu shekaru saboda ana nema a ƙasashe irin namu. In kuwa neman abinci za ta fita to canza inji ba laifi ba ne, mutanen Sudan sun daɗe suna yi wa Bedford gyaran da ya wuce wannan, suna ƙara wa shasi ƙarfi da sifirin har ta ɗauki kayan da masu ƙera ta ba su yi zato ba, suna ce mata sifinja.

Amma ba ɗauke wannan a ajiye wancan ba ne kawai. Injin gas ya fi nauyi, sifirin gaba zai kwanta. Ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, kenan gudunta zai ragu sai dai in an canza aksul na baya ko giya, kuma ƙarfin murɗarsa ya fi yawa, tsohuwar giyar na iya zubar da haƙora. Sannan ga wanda ake yawan mantawa, birkin mai fetur yana samun taimako ne daga zuƙar iskar da injin ke yi, injin gas kuma ba ya ba da wannan zuƙar, dole a sa masa famfon da zai yi aikin in ba haka ba zaka taka birki ka ji kamar dutse ka taka. Mafi sauƙi ka nemi injin gas na Bedford ɗin kansa tare da giyarsa. Tsohon kuma kar ka sayar wa 'yan gwangwan, a zuba masa mai a rufe a ajiye. Ka je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardu kafin VIO su tare ka.

TAMBAYA: Oga shasin tifata ya tsage a bayan kai, sau biyu ana yi min walda yana sake tsagewa a gefen wajen. Me ke jawo haka? Daga Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa ina zargin mai waldar ya bi tsagar ne kawai ya cike ta sannan ya manna faranti mai kusurwa huɗu ya zagaye shi da walda. In aka ja walda a tsaye daga sama har ƙasa, musamman a kan leɓen shasi na sama da na ƙasa inda duk nauyin yake, wajen yana ƙagewa ya daina lanƙwasa tare da sauran ƙarfen, sai tsagar ta koma gefensa. Shasi an yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan a hanya, shi ya sa kake ganin ƙarafan tsakiya da ribit aka kama su ba da walda ba.

A sauke bodin a tallafe motar ta miƙe. A nemo ƙarshen tsagar a huda ɗan rami a nan don ta tsaya, a goge ta da garanda ta yi kwari, a yi walda da busasshen ilektirod mai kyau a bar shi ya huce da kansa kar a watsa ruwa. Sannan a sa dogon ƙarfe mai zubin shasin ta ciki, kaurinsu ɗaya, ya wuce tsagar sosai ta kowane ɓangare, bakinsa a yanke shi a karkace, a kama shi da noti masu ƙarfi ta jikin bangon, kar a huda leɓe. Kuma a cire batir kafin walda. Sai maganar da ba ka tambaya ba, yashi nawa kake loda mata? In an ƙara wa bodin tsawo da katako don ya ɗauki fiye da ƙa'ida to ko wa ya yi waldar za ta sake tsagewa.

TAMBAYA: Baba ina yini. Tsohuwar 1113 gare ni, tana zafi in na yi lodi, bakanike ya cire tamostat amma ba ta daina ba. Daga Damagaram.

AMSA: Lafiya lau ɗana, a gaida mutanen Damagaram. A mayar da tamostat, sabo. Cire shi ba ya maganin zafi, abin da yake jawowa inji ya daɗe bai ɗumama ba da safe yana cin kansa. Matsalarka na fi zaton lagireto ne. Shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya, farin dutse ya taru ya toshe hanyoyin, daga waje kuma ƙura da ƙaiƙayi sun cike tsakanin. A kai wa masu lagireto su buɗe kansa su tsefe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, a wanke cikin bulok, a duba fanbel da famfon ruwa da murfin lagireton shi kansa. Da safe kafin ta yi zafi ka buɗe murfin ka tashe ta ka leƙa, in kumfa na ta tasowa ba tsayawa to gaskit ne. Kar ka taɓa buɗe murfin tana tafasa, kuma kar a zuba mata ruwan sanyi a lokacin, tof silinda na tsagewa.

TAMBAYA: Malam a ina ake samun kayan 911 na gaske yanzu, kuma bodin katakon da ya ruɓe a sake shi da ƙarfe ko a mayar da katako? Daga Funtuwa.

AMSA: Kayan injin OM352 ba su yi wuya ba tukuna domin an yi shi da yawan gaske, har a Barazil an daɗe ana ƙera shi. Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, in ya gagara Nnewi ko Ladipo a Legas. Ka riƙa tafiya da tsohon kayan a hannunka da lambar inji, a gwada a gabanka. Ringi da metal da gaskit da robobin birki sababbi zaka saya kuma kar ka bi araha, kwali mai kyau ba shi ne kaya mai kyau ba. Abin da ke wahala su ne kayan jiki, gilashin gaba, fitilu, ragar hanci, marikin ƙofa, agogon dashbod. Waɗannan in ka gan su a jikin motar da ake yankawa ka saya ka ajiye ko ba ka buƙata yau.

Bodi kuwa ni katako zan ce, kuma ba don sabo kawai ba. Katako na bin murɗawar shasi, bodin ƙarfe da aka ɗaure tamau kuma yana hana shi, ga nauyi. A samu busasshen katako mai tauri irin maɗaci, ɗanye zai ƙanƙance noti su saki cikin wata biyu. A shafa wa saman shasi fentin hana tsatsa kafin a ɗora. Dan Allah kafin a ɓalle ko allo ɗaya ka ɗauki hoton kowane ɓangare, zanen zaki ko mikiya ko furanni da ke ƙofar baya, da rubutun da ke goshin motar, har da launin ƙananan layukan gefe. Masu wannan zanen da buroshi sun ragu sosai, yaran yanzu sitika suka sani, in akwai dattijon da ya rage a garinku ka kai masa hotunan ya mayar da hannunsa, allon da ke da zanen asali kuma ko ya ruɓe a gefe ka rataye shi a zaure.

TAMBAYA: Baba ni mace ce, maigidana ya rasu ya bar babbar mota tsohuwa a ƙofar gida. Masu sayen ƙarfe sun dame ni da zuwa wai su yanka su auna a kilo. Yarana ƙanana ne, babban yana cewa kar a sayar da motar Abbansa. Ba ni da kuɗin gyara. Daga Azare.

AMSA: 'Yata Allah Ya jiƙansa Ya raya abin da ya bari. Da farko motar nan dukiyar gado ce kuma akwai haƙƙin marayu a ciki, saboda haka kar a yi ciniki da kowa sai an zauna da dangin mamacin da malamin da zai raba gado an san matsayinta. Ki faɗa wa masu zuwan haka, zai rage miki su.

Na biyu, kuɗin kilo shi ne mafi ƙasƙancin kuɗin da mota ke da shi. Mai yankan ya san injin da giya da aksul daban zai sayar da su kafin ya auna sauran. Ki sa wani namiji amintacce daga danginki ya samo bakaniken manyan motoci wanda ba shi da alaƙa da masu sayen, a biya shi kuɗin dubawa ya faɗi gaskiyar lafiyarta. In buƙata ta matsa dole a sayar, a nemi direba ko mai mota da zai saye ta ɗungurungum ya mora, a yi takarda da shaidu a canza suna a ofishin lasin.

In kuma magada sun yarda a ajiye wa yaron, ajiyar ba ta cin kuɗi sosai. A ɗaga ta a kan katakai tayoyi su bar ƙasa, a cire batir, a toshe bakin salansa da na iska saboda ruwa da ɓera, a zuba ɗan mai a ramukan nozul a mayar, a saki birkin hannu kar ya manne, a shafa giris duk inda ke da nono. Rumfar kwano ta fi tamfol domin tamfol na tara gumi a ƙarƙashi. Duk bayan wata biyu ko uku wani ya zo ya juya injin da sifana. Takardun motar da ki da duk wani littafi ko rasit da marigayin ya bari a cikin akwatin dashbod ki kwashe su yau ki sa a leda ki ajiye a ɗakinki.